Hannun da Ustaz Nazmi Ya Ɗaga

Wata bakwai ke nan da gasar. Na karɓi takardar kammala karatu, na samu aikin koya wa yara goge a wata makaranta a unguwar Ma'adi, mahaifiyata ta daina tambayata ko lafiya. Amma har yau, in na zo wurin da ake jan sandar goge a hankali a kan tsirkiya ɗaya, sai in ji wuyana yana juyawa dama da kansa. Ba kowa a wajen, sai allo da taga. A daman nan Ustaz Nazmi Tadrus yake zama.

Shi ne mai raka ɗalibai da fiyano a makarantar kiɗan da na yi a Alƙahira. Konsato kiɗa ne da ake rubuta wa mai goge ɗaya, da makaɗa kamar sittin a bayansa suna amsa masa. To ba mai tara maka mutum sittin don kana koyo, ko don ka shiga gasa. Sai mutum ɗaya ya zauna a fiyano ya zama dukkansu. Shekara talatin da huɗu Ustaz Nazmi ya yi yana zama mutum sittin a ɗaki na tara, ƙarshen baranda, kusa da banɗakin da famfonsa ba ya rufuwa.

Gajere ne, mai manyan kunnuwa, da kwat mai ruwan toka wadda gwiwar hannunta ta yi sheƙi. A wuyan hannunsa na dama akwai ɗan shuɗin gicciyen da aka zana masa a fata tun yana goye, kana ganinsa duk lokacin da ya miƙa hannu zai buɗe shafi. Daga unguwar Shubra yake shigo jirgin ƙarƙashin ƙasa kullum, ya riga masu shara isowa. Abu na farko da yake yi shi ne ya tsaya a kan kwandon shara ya yanke farce, ko da jiya ya yanke. Sannan ya ci burodinsa da wake, ya wanke hannu, ya buɗe fiyano.

Mahaifinsa mai gyaran fiyano ne, yana zagaya gidajen sinima da gidajen Girkawa yana daidaita musu sauti, ya mutu ya bar masa fiyano ɗaya. Da aka yi girgizar ƙasa ta casa'in da biyu, ginin da suke ciki ya tsage, shi da yayarsa Afifa suka koma hawa na biyar a wani gida mai ƙunƙuntar matakala. Ƙarti shida suka ɗauki fiyanon, suka kai hawa na biyu, ya ƙi juyawa a kwana. Aka sauko da shi. Ya kwana uku a bakin titi lulluɓe da bargo kafin wani ya saya. Tun daga ranar Ustaz Nazmi ba shi da fiyano a duniya sai na ɗaki na tara. Bai yi aure ba. Ya wuce shekarun ritaya tuni. Duk shekara ake sabunta masa takardar aiki, duk shekara yana cewa ta ƙarshe ce, ba wanda ya taɓa yarda.

Ranar da na fara shiga ɗakinsa ina aji ɗaya, ban yi layi uku ba ya ɗauke hannu.

"Ke, wa ya ce miki goge tukunya ce? Ƙanzo kike kankarewa?"

"Ustaz, malamata ce ta ce in danna."

"Ta ce ki danna, ba ta ce ki rama abin da aka yi wa kakanki ba. Sunanki?"

"Nihal."

"To Nihal, ja numfashi in ji. Ni ba yatsunki nake bi ba, hancinki nake bi. In ba ki ja numfashi ba ban san yaushe za ki shigo ba, sai in tsaya ina zare ido kamar mai jiran motar Helwan."

Haka yake da kowa. Masu babban goge, wanda ake zama a riƙe tsakanin gwiwoyi, masu raino yake ce musu. Ba ya yabo. In ka yi kyau ƙwarai sai ya ce, "Yau dai ba ka kashe kowa ba."

Duk watan Maris ake gasar konsato ta 'yan ƙasa da shekara ashirin da uku. Dokokinta ba su da yawa. Da ka za ka yi kiɗan, ba takarda a gabanka, minti goma sha biyar ko fiye. In ka tsaya, shugaban alƙalai ya kaɗa 'yar ƙararrawar tagulla, ka sunkuya, ka sauka, sai baɗi in shekarunka ba su wuce ba. Amma a ƙasan shafi akwai wani layi: idan kuskuren daga mai fiyano ne, ɗan takara yana da damar sake farawa, sau ɗaya.

A kan wannan layin Ustaz Nazmi ya gina abin da ɗalibai suke kira hannun Ustaz. In ɗalibi ya ɓata hanya, da farko binsa yake yi. Ka tsallake shafi biyu, ya tsallake tare da kai. Ka koma baya, ka tarar da shi can yana jiranka, alƙalai ba su ma ankara ba. Amma akwai ɓatan da ba ya biyuwa, wanda kai yake zama fari fat, yatsu su sandare. Shi yana jin zuwansa tun kafin mai gogen ya sani, daga numfashi. Sai ya dira hannunsa a inda bai dace ba, sauti mummuna mai ƙarfi wanda ko kurma zai ji, ya ɗaga hannun hagu, ya ɗan tashi daga kujera ya ce, "Afuwan. Ni ne." Ɗalibi ya sha ruwa, ya share tafin hannu, ya sake farawa.

Ba kowa yake yi wa ba. Wata shekarar mutum ɗaya, wata biyu, wata ba ko ɗaya. Malalacin da ya zo gasa da rabin hadda, rakiya yake yi masa har bakin ramin, ya tsaya yana kallo. Tsofaffin alƙalai sun sani. In hannun ya tashi sai su duƙar da kai kan takardunsu, don a cikinsu akwai waɗanda aka taɓa ɗaga wa shi. Kuma ba a maganar a gabansa. Wani mai babban goge, Hazim, ya taɓa kai masa kwalin basbusa washegari.

"Na mene ne?"

"Godiya ce, Ustaz."

"Godiyar me? Na ji kunya a gaban jama'a kana kawo min zaƙi? Izgili kake min, ɗan nema? Ɗauke abinka."

Akwai labarin da ɗalibai suke gadar wa juna, wai yana saurayi ya shiga wata gasa a ƙasar waje, ya manta a tsakiya, ba wanda ya cece shi, shi ya sa. Wata rana an ɗauke wuta muna zaune muna fifita da littafi, na tambaye shi wace ƙasa ce.

"Wace ƙasa kuma? Ni ko Aswan ban taɓa zuwa ba. Ban taɓa shiga gasa ba, ban iya tafiya a gaba ba. Shekara shida na yi ina kaɗa wa 'yan mata masu koyon rawa, huɗu a otal ina kaɗa wa mutanen da ke cire ƙayar kifi. Makarantar nan ce wuri na farko da aka saurare ni, shi ma don ana sauraron wani ne."

Saboda haka a takardun makaranta Ustaz Nazmi mutum ne mai yawan kuskure. A bakin ɗalibai kuwa, ba a taɓa jin yatsansa ya zame ba sai da gangan.

Bara aka naɗa Dakta Samiha shugabar gasar. Ta daɗe a waje, ta dawo da niyyar gasarmu ta yi suna, ta gayyato alƙalai biyu daga Turai. Ta kuma tarar da wasiƙa a kan teburinta daga wani uba da ɗansa ya zo na huɗu, a bayan yarinyar da aka bari ta sake farawa. Saura mako biyu gasa na zo gwaji ɗaki na tara, na tarar ƙofa ba a rufe sosai ba, tana ciki. Na tsaya a baranda da akwatin gogena. Ban yi niyyar saurare ba, ban kuma tafi ba.

"Ustaz Nazmi, na duba takardu. Sau ashirin da bakwai a shekara talatin da huɗu. Ba a gwaji ba, ba a jarrabawa ba, sai a gasa."

"Tsufa ne, Dakta."

"Tun kana ɗan shekara talatin da biyar kake tsufa?"

Ta ci gaba:

"Kai ka raka ni jarrabawata ta ƙarshe, ban manta ba, kuma ina ganin girmanka. Amma abu biyu ne. Ko dai hannunka ba ya iyawa, ka huta. Ko yana iyawa, ƙarya kake mana. Bana baƙi za su zauna a teburin nan. In hannun nan ya tashi ko sau ɗaya, ba zan sabunta takardarka ba. Ka ji ni?"

"Na ji, Dakta. Allah ya ƙara girma."

Ta fito ta wuce ni. Na shiga na same shi yana share maɓallan fiyano da hankici, ɗaya bayan ɗaya.

"Kin ji?"

"A'a, Ustaz."

"Kin ji mana, ga kunnenki ya yi ja. To ki gaya wa sauran, bana hannuna yana aljihu. Buɗe akwati."

Shekarata ta ƙarshe ce, a karatu da kuma a shekarun gasa. Konsaton da na zaɓa yana da wani wuri a kashi na farko da yake zuwa sau biyu, iri ɗaya sak, layi takwas, ya ƙare a kan dogon sauti guda da ake ja a hankali. Karon farko daga nan sama ake hawa. Karo na biyu ƙasa ake sauka. Duk wanda ya taɓa hadda ya san irin wurin nan, inda ayoyi biyu suka fara iri ɗaya, harshe ya ɗauke ka ya kai ka wata surar. Mun yi wurin ya fi sau ɗari. Ban taɓa ɓata ba a ɗaki na tara.

"Shi ya sa nake tsoronsa," in ji shi. "Wurin da kike ɓata kin san shi. Wannan bai taɓa nuna miki fuskarsa ba." Ya cire tabarau ya murza ido. "Abu ɗaya nake roƙonki, 'yata. In wani abu ya faru, ki dubi agogon bango, ki dubi gemun alƙali, ki dubi takalminki. Kada ki dube ni."

"Wallahi ba zan duba ba."

"Bar rantsuwa. Daga layi na arba'in."

Ranar Talata ce, ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ni ce ta shida a cikin tara. Lokacin babban azuminsu na Kirista ne, ya yi mako biyar ba nama ba madara, kwat ɗin ta yi masa yawa. Ya raka mutum biyar kafin ni, biyu an kaɗa musu ƙararrawa, hannunsa bai motsa ba. Ɗaya daga cikinsu yarinya ce 'yar shekara goma sha bakwai wadda kowa ya san ta yi aiki. Ta fito tana kuka ba sauti, ta wuce shi a bayan labule, shi kuma yana kallon farcensa.

Na hau. Mahaifiyata tana layi na uku, ta rungume jakarta a cinya. Ya fara, makaɗa sittin suka shigo ta yatsunsa goma, na ja numfashi, na shiga. Karon farko na zo wurin, na hau sama lafiya. Na tuna har daɗi na ji, na ce a raina saura ɗaya.

Da na zo karo na biyu, na ɗora sanda a kan dogon sautin, na fara ja, sai na tambayi kaina: wannan na farko ne ko na biyu? Tambayar kawai. Ban taɓa yi wa kaina ita ba. Ina yin ta komai ya tafi. Ban san ko minti uku na yi ina kiɗa ko goma ba. Sanda tana tafiya, izgar tana ƙarewa, saura kamar tsawon yatsa, bayan nan sai shiru, bayan shiru sai ƙararrawa. Na ga agogon bangon. Na ga hannun Dakta Samiha kusa da tagullar.

Na juya dama na dube shi.

Ba wani dogon kallo ba ne. Ban buɗe baki ba, ban ɗaga gira ba. Ido kawai. Shi ma ya dube ni ta saman tabarau, fuskarsa ba fushi, ba komai, kamar wanda aka kira sunansa a layin asibiti. Sannan ya dira hannu. Ban taɓa jin sauti mai muni irin wannan ba, wata mata a baya ta ce, "Subhanallahi!" Ya ɗaga hannun hagu, ya ɗan tashi.

"Afuwan. Ni ne."

Baƙin alƙalan suka ɗaga kafaɗa, ɗaya ya yi min murmushin tausayi. Dakta Samiha ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "'Yar takara za ta sake farawa," ta rubuta wani abu gajere a takardarta.

Na sake farawa. Abin da ya fi damuna shi ne ban taɓa kiɗa mai kyau irin na wannan karon ba, kafin nan ko bayan nan. Shi ma haka. Ya ɗauke ni kamar yadda kogin Nilu ke ɗaukar kwalekwale. Da muka zo wurin na sauka ƙasa ban ma yi tunani ba. Aka tafa. Ya raka sauran ukun. Da la'asar aka karanta sakamako: na zo ta biyu. Aka ba ni takarda da wani ɗan kofi na gilas. Na neme shi a bayan labule, aka ce ya tafi ya kama jirgi kafin cunkoso.

Ya ci gaba da zuwa har ƙarshen Mayu, don takardarsa ba ta ƙare ba tukuna. Shi ya raka ni jarrabawar ƙarshe. Bai taɓa ta da maganar ba, ni kuma na kasa. Ranar ƙarshe ya ba mai gadi makulli, ya fita da leda ɗaya: kofin shayi, almakashi, fensura. Littattafan kiɗan, waɗanda ya cika da rubutunsa, inda ake numfashi, inda ɗalibai suka fi ɓata, ya bar su a kan fiyano, wai na makaranta ne.

A watan Yuni na je ofishin Dakta Samiha. Kwana uku na yi ina shirya abin da zan faɗa, na faɗe shi a tsaye cikin numfashi ɗaya: ni ce na manta, ba shi ba ne, a karɓi kofin, a mayar da shi aikinsa.

Ta ajiye alƙalami.

"Zauna, Nihal. Kina tsammani ba ni da kunne? Ina kallon sandarki tana ƙarewa."

"To Dakta, tunda kin sani..."

"Tunda na sani me? Bari in gaya miki abin da ke hannunki. In na rubuta abin da kika faɗa, zan karɓe kyautarki, wannan mai sauƙi ne. Sannan in rubuta cewa Ustaz Nazmi ya yaudari alƙalai da gangan, a tono sauran ashirin da bakwai, a kira mutanen da yanzu haka suke koyarwa a ginin nan. Ba zai dawo ba, sai dai ya tafi da sunan maƙaryaci. In ban rubuta ba, dattijo ne da hannunsa ya fara rawa, an sallame shi da godiya. Wanne kike so ya zauna a fayil ɗinsa?"

Ta ƙara da cewa:

"Kuma yarinyar nan da na kaɗa wa ƙararrawa kafin ke, me zan ce mata? Ita ba ta dube shi ba." Ta ɗauki alƙalaminta. "Ba daɗi na ji ba, in sanin hakan zai amfane ki. Ja min ƙofar."

Sai a watan Agusta na iya zuwa Shubra. Na sayi mangwaro a bakin tasha, na hau hawa biyar ina haki. Anti Afifa ta buɗe min, doguwar tsohuwa cikin baƙaƙen kaya. Ta dubi ledar, ta dube ni.

"Nazmi! Ga wata daga cikin 'ya'yanka."

Yana zaune a bakin taga cikin jallabiya, da tire a cinya, yana tsinkar ganyen lalo. Ban taɓa ganinsa ba kwat ba. Abin da idona ya fara sauka a kai farcensa ne. Sun yi tsawo, ƙarƙashinsu ya yi kore da ganye.

"A'a, ta biyu a duk faɗin Masar! Afifa, kawo kujera mai kyau, ba mai cizon nan ba."

"Ina wuni, Ustaz. Ya ƙarfin jiki?"

"Jiki ya samu hutu har ya rasa inda zai kai shi. An ce kin samu aiki. Yara nawa za ki kurmantar?"

Muka sha shayi. Ya tambayi wanda aka kawo ɗaki na tara. Na ce wani saurayi ne da ya yi karatu a waje, yatsunsa kamar inji. Ya ce madalla, a gaya masa maɓalli na uku daga ƙasa yana maƙalewa in an yi zafi, kada ya doke shi, lallaɓa shi ake yi. Na ce akwai fiyano a makarantar da zan fara aiki, ba mai taɓa shi bayan an tashi, na yi magana da shugabar, ta ce ya zo duk ranar da ya ga dama.

"In je in yi me?"

"Ka yi kiɗa mana, Ustaz."

"In raka wa? Ni ban iya kiɗa ni kaɗai ba, 'yata. Akwai wani tsohon fiyano a zauren cocinmu, na gwada wata Litinin da ba kowa. Na yi layi takwas na tsaya ina jiran wani ya shigo."

Ya ci gaba da tsinkar ganye. A nan na faɗi abin da ya kawo ni. Na ce na yi masa alkawari na karya. Na ce na dube shi ina sane da abin da zai biyo baya, ban manta da maganar Dakta ba ko na ƙiftawar ido, na auna shi da kaina na zaɓi kaina. Ina magana ina kuka, har Anti Afifa ta fito daga kicin ta tsaya a bakin ƙofa.

Ya bari na gama. Ya karkaɗe yatsunsa a kan tire.

"Kin gama? To saurara, don ba zan maimaita ba. Ba ki manta ba."

"Ustaz, kaina fa fari fat..."

"Kanki ya manta, hannunki bai manta ba. Ina kallon hannunki na hagu. Ya riga ya fara zamewa ƙasa, inda ya kamata. Da na ƙara miki rabin daƙiƙa da kin sauka lafiya, ba wanda zai san komai. Ni na yi gaggawa. Yarinyar nan ta safe tana cikin raina, na ga kin juyo, hannuna ya riga ni. Shekara talatin da huɗu ban taɓa shigowa kafin lokaci ba sai ranar. Saboda haka Dakta ta yi daidai, mai rakiyar da ya fara haka ya kamata ya huta." Ya ɗauki wani reshen lalo. "Share fuskarki, kin yi kama da albasa. Afifa, yanka mana mangwaron nan kada ya lalace."

Na dubi fuskarsa ina neman alama, ban samu ba. Tun daga ranar nake juya maganar. In gaskiya ya faɗa, to ya rasa fiyanonsa a banza, saboda rabin daƙiƙa. In kuma ba gaskiya ba ce, to na tako har gidansa na sa shi ya sake ɗaukar laifina. Na sha tsayawa a gaban madubi da goge, in ja dogon sautin nan, in zuba wa hannuna na hagu ido ko zai nuna min abin da ya yi ranar. Kullum ƙasa yake sauka, amma yanzu ai ya san ana kallonsa.

Anti Afifa ta rako ni bakin matakala. Ta riƙe min hannu, ta rage murya.

"Har yanzu da sassafe yake tashi, ya yi aski, ya zauna a bakin gado da takalmi a ƙafa. Sai bakwai ta wuce yake cirewa. Za ki dawo?"

"Zan dawo, Anti. Ranar Juma'a, in sha Allah."

"Haka kuke cewa duka." Ba da faɗa ta faɗa ba. "Na ga kusan ashirin a cikinku a gidan nan. Kowa sau ɗaya yake zuwa, da ledarsa, ya yi kukansa, Nazmi ya ba shi wata magana ya tafi da ita. Ba na ganin laifinku, kallonsa yana yi muku nauyi. Amma a da yana da inda zai je da safe."

Juma'ar ta zo ban je ba, na ce sai na fara aiki. Na fara aiki, na ce sai zafi ya ragu. Lambar gidansu tana wayata, Anti Afifa ce ta karanta min na rubuta, sau biyu ina danna ta in kashe kafin ta shiga. Na ji an yi wa ɗaki na tara fenti, an kwashe tsofaffin littattafan an kai sito, an sayo sababbi masu fararen shafuka.

Juma'a tara ke nan. Gobe ma Juma'a ce. Na sayi rumman tun yau, na ajiye a kan kujera dab da ƙofa, yadda ba zan iya fita da safe ba sai na ɗauke shi ko na tsallake.